Firinta mai daskararriyar tawada ta ƙi tashi, tana nuna lamba 13 da 07, dan Allah a taimaka

Ɗan Gujungu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah wanda ya san aikin firinta ya taimaka min, kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Ina da ɗan shagon kwamfuta a nan wajenmu kusa da Gujungu, ina taifin da fotokwafi da katin biki da cike fom na intanet, to watanni biyu da suka wuce na tara 'yan kuɗina na shiga Kano na sayo firinta mai kala ta hannu, Phaser 8560 ta kamfanin Xerox, irin wadda ba ruwan tawada take sha ba kuma ba hoda ba, wasu dunƙule-dunƙule ake jefa mata kamar sabulu guda huɗu kowanne da kalarsa. Wallahi aikinta ya yi kyau, kalar har sheƙi take, mutane daga ƙauyukan kusa sun fara kawo min aiki saboda ita.

Abin da ya faru shi ne, ranar Talata da daddare na ɗauke ta zuwa gida saboda ƙofar shagon ta samu matsala ina tsoron a shiga, na yi aiki da ita a gidan da ƙaramin janareto na har wajen sha ɗaya, da safe na ƙara buga wasu takardu kamar ashirin, man jan ɗin ya ƙare ya mutu tana tsakar aiki, ni kuma ina sauri sai kawai na zare waya muka ɗora ta a babur ƙanena ya rungume ta a baya muka taho shago, hanyar kuma kun san yadda take da yashi da gargada. Tunda muka sauke ta ba ta ƙara bugawa ba. In na kunna sai ta yi ta ɗumama ta daɗe sannan ta nuna wata lamba mai farawa da 13, in na kashe na sake kunnawa wani lokacin sai in ji ƙara daga ciki ƙat ƙat ƙat kamar abu na son juyawa ya kasa sai ta nuna wata lambar mai farawa da 07. Ban rubuta sauran lambobin ba gaskiya, na dai ga akwai waƙafi da ɗigo a ciki.

Babban abin da ya dame ni akwai aikin Islamiyyar garinmu a hannuna, takardun shaidar saukar Alƙur'ani na yara 46 da kalandar walima, malam ya riga ya ba ni rabin kuɗi kuma saura kwana tara. Na kira wanda na saya a wajensa ya ce shi dai lafiya ya ba ni. Mai gyaran rediyo na nan kasuwa ya ce in kawo ya buɗe amma zuciyata ba ta kwanta ba don bai taɓa ganin irinta ba. Me lambobin nan suke nufi? Ta mutu ne ko akwai gyara?

Abban Sadiya:

Wa alaikumus salam. Ayya sannu ɗan uwa, Allah ya kawo mafita. Ni dai irin ta hoda nake amfani da ita, in ta yi min haka kashewa nake in zare waya in bar ta minti goma in mayar sai ta dawo daidai, ka gwada sau uku ko huɗu a jere ka gani. In ta ƙi kuma ka nemi takardun malam ka kai Ringim ko Kano a buga maka tukunna kar ka ji kunyar mutane, gyara ya biyo baya.

Mai Gyara Wudil:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena da farko dan Allah ka dakata da kashewa da kunnawar nan. Shawarar Abban Sadiya daidai ce ga firintar hoda, amma wannan halinta daban. Duk lokacin da ta huce gaba ɗaya aka kunna ta sai ta narkar da tawada ta tura ta waje don ta wanke ƙananan ramukan da ke fesawa, wannan tawadar kuma tiren datti take zuba, asara ce tsagwaronta. Banda haka in giya ce ta maƙale, kowace kunnawa ƙara cin haƙoranta kake, kuma giyoyin na roba ne.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda take aiki don in ka gane wannan lambobin ba za su ƙara ba ka tsoro ba. Dunƙulen nan da kake sakawa kamar kakin zuma yake, yana gangarawa ya taɓa wani faranti mai zafi ya narke ya ɗiga cikin kan firintar, wanda muke ce wa hed. Shi hed ɗin zafinsa ya haura digiri 100 sosai, faɗinsa kusan faɗin takardar ne. Ba takarda yake fesa wa kai tsaye ba, wata gangar alminiyon ce a gabansa tana juyawa, ita ma da ɗuminta wajen digiri 60, an shafa mata ɗan mai siriri, a kanta hoton yake fara zama, sai takarda ta biyo ta hita ta ɗumama, wata rola ta danne ta jikin gangar da ƙarfi, hoton ya koma kan takarda ya daskare nan take. Shi ya sa kake jin rubutun da ɗan tudu in ka shafa. Kamfanin Tektronix na Amurka ya fitar da firintarsa mai daskararriyar tawada tun wajen 1991, Xerox ta sayi ɓangaren firintocinsu a 2000, kuma yanzu an daina ƙera sababbi, duk wadda ka gani a kasuwa tsohuwa ce, sai lallaɓawa.

To lambar da take nuna maka ba a banza take ba, gida uku ce. Ta farko kafin waƙafi ita ce ke gaya maka wane ɓangare ne ke kuka. Uku na tsakiya su ne ainihin abin da ya same shi. Bayan ɗigo kuma in 4 ce ta fara to ƙarfe ne ko waya ko sensa, wato abin da hannu zai taɓa, in 6 ce to manhajar cikinta ce ta rikice, irin wannan ce kashewa da kunnawa kan warware. A wannan jerin na 8400 da 8500 da 8550 da 8560, 13 na nufin zafi: wani wuri bai kai zafin da ake so ba cikin lokacin da aka ɗibar masa, ko ya zarce, ko sensar da ke auna zafin ta daina magana. 07 kuwa motar da ke tuƙa giyoyin aiki ce, ita ce ke kwantar da hed baya ta dawo da shi gaba, ta ɗaga rolar mai, ta danna rolar matsa takarda. 05 juyawar ganga ce da bel ɗinta, 06 tafiyar hed gefe da gefe, 08 abin goge fuskar hed, 09 wajen zuba tawada, 37 kuma gwajin da take wa kanta ne da zarar an kunna. Masu ColorQube, wato wani jerin firintocin Xerox masu irin wannan tawada, kar ku ɗauki wannan lissafin, naku lambobin daban ne.

Yanzu ga abin da nake zato, zato ne don ban gan ta ba. Ciwo biyu ne ba ɗaya ba, kuma kowanne da sanadinsa.

Na 13 ina kyautata zaton wuta ce. Wane janareto kake da shi? In ƙaramin nan ne da ake haɗa masa mai da baƙin mai, bai isa ba ko kusa. Firintar nan lokacin ɗumama tana jan sama da wat 1000, hitoci ne birjik a cikinta, kamar ka jona dutsen guga ne babba. In wuta ta yi ƙasa hitocin ba za su kai ba, ita kuma tana ƙirga lokaci, in ya cika ba ta kai ba sai ta tsaya ta rubuta 13. Na sha ganin wannan a shagunan ƙauye, mutum ya ɗauko ta tun daga Gaya ko Ajingi ya kawo min, in jona a wuta mai ƙarfi ta tashi lafiya lau. Amma fa in hita ce ta ƙone ko waya ta zare a girgizar babur, ita ma 13 ɗin za ta nuna, shi ya sa nake son lambobin tsakiya.

Na 07 kuwa babur ɗin ne. Ka ɗauke ta da zafinta tawada na ruwa a cikin hed, kuma wuta ta yanke ba ta samu ta mayar da hed ɗin mazauninsa ta kulle ba. Ƙa'idarta in za a motsa ta, ka danna makunni ka zaɓi kashewa na ɗauka a allon, ka jira wajen minti 30 fanka na hura ta har tawadar ta daskare. In ba a yi haka ba tawadar na fantsama ta zubo ƙarƙashin hed da kan giyoyi ta daskare kamar dutse, sai hed ya kasa kwanciya ko tasowa, ƙarar da kake ji kenan.

Ka yi min abu uku kafin ka bari kowa ya sa sukundireba. Ka rubuto lambar dukkanta ko ka ɗauke ta a waya. Ka duba farantin da ke bayanta ka ga wutar da aka rubuta, don wasu kayan da ake shigowa da su daga Amurka na wuta mai volt 110 ne. Sannan ka ja ƙofar gefe ka zaro tiren datti da kit ɗin mai, wato abin da ke ɗauke da rolar da ke shafa wa ganga mai, ka haska tocila ciki ka gaya min me ka gani.

Maman Ilham Kazaure:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai Gyara Allah ya saka da alheri, ni ma na ƙaru. Muna da irinta a ofishin makarantar da nake aiki, shekara huɗu ina riƙe da ita, ba gyara na iya ba amma akwai abin da zan gaya wa ɗan uwanmu tunda na ji ya ce takardun sauka zai buga.

Kar ka kuskura ka sa su a injin laminatin mai zafi ba tare da ka gwada guda ɗaya ba. Tawadar nan da zafi aka narkar da ita, to in ta sake haɗuwa da zafi narkewa take, mu mun taɓa yin takardun yabo na ɗalibai muka bi da su ta laminatin, sunayen suka baje, koren gefen ya shiga cikin rubutun, sai da muka sake su duka. Yanzu ko dai leda mai sanyi muke sawa ko mu rage zafin injin ƙasa sosai mu tura da sauri. Haka in ka bar takardar a gaban mota cikin ranar bazara za ka tarar ta manne da ta kusa da ita. Kuma ka gaya wa malam kar yara su ninke, wajen ninkin yana fashewa, farce ma yana kankare ta.

Sai maganar ajiyar dunƙulen. Kar ka bar su a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, ni a cikin kwali nake sa su ƙasan kabad wajen da ya fi sanyi. Kuma kowanne da lambarsa 1 zuwa 4 da siffarsa, in bai shiga ramin ba to ba nasa ba ne, kar a fere shi da wuƙa a tura. Wani ya taɓa kawo mana na wata firintar daban ya ce ai duk ɗaya ne, na ƙi karɓa. Wanda ya zuba a tiren datti shi ma kar ka ce za ka mayar don tausayin kuɗi, kaloli sun riga sun cakuɗe da ƙura a ciki, toshe hed zai yi.

Lokacin hunturu kuma ina rufa mata zani in an kashe ta ta huce, amma in tana kunne ba na rufewa don fankokinta na buƙatar iska.

Ɗan Gujungu:

Na gode ƙwarai Yaya Mai Gyara, na gode Hajiya, wallahi da laminatin ɗin zan yi musu duka, Allah ne ya kawo ki. Jan ɗin nawa ƙaramin ne da ka faɗa, da ma in firintar na ɗumama sai in ji muryarsa ta canza ƙwan shago ya dushe, ban kawo komai ba. Farantin baya 220 ne. Na roƙi mai gidan kallon ƙwallo da ke maƙwabtaka da ni ya ba ni layi daga babban jan ɗinsa da rana tunda sai yamma yake aiki, na jona, 13 ba ta fito ba ko sau ɗaya, ta ɗumama har ta wuce inda take tsayawa. Amma 07 na nan kuma bayan ɗigo 4 ce, hoton allon na tura maka ta saƙo. Na haska tocila kamar yadda ka ce, akwai wani abu baƙi-baƙi da ja a daskare ya gangaro ta ƙasan hed ɗin kamar kyandir ya narke, har ya taɓa wata farar giya. In ɓalle shi da kaina? Wudil ta yi min nisa da wannan kayan kuma yanzu tsoron ɗaukarta nake.

Mai Gyara Wudil:

Alhamdu lillah, rabin ciwon ya tafi kenan, hitocinka lafiyarsu ƙalau. Na ga hoton, maganar kwanciyar hed ce kamar yadda na zata.

Za ka iya da kanka in kana da haƙuri, amma ka bi a hankali. Ka kashe ta ka zare waya daga bango ka bar ta awa guda cur, hed ɗin nan yana ƙona hannu ƙuna ta gaske kuma akwai wuta mai ƙarfi a ciki. Tawadar in ta yi sanyi ƙarau take kamar alewa, ɓallewa take da kanta in ka tura ta da abu. Ka samu tsinken roba ko tsohon katin waya mai kauri ko ɗan itace ka fere, banda wuƙa banda sukundireba banda reza. Wurare biyu ne ba a taɓawa ko da wasa: fuskar hed mai sheƙi da ke kallon ganga, da jikin gangar kanta. Ƙarzane ɗaya a gangar zai riƙa fitowa a kowace takarda har abada, hed kuma in ya lalace kuɗinsa sai ya kusa na firintar.

Ɓarɓashin da ya zubo ka tsince shi tas, musamman tsakanin haƙoran giyar, tsohon buroshin haƙori na yi. Kar ka zuba fetur ko kananzir, in da sauran maiƙo ka ɗan jiƙa ƙyalle da sipirit na kemis ka goge. Abin da na fi ja maka kunne a kai, kar ka zare giya ko ɗaya kuma kar ka juya su da ƙarfi. Suna da saiti, kowacce da inda alamarta ke tsayawa, in suka goce ko ka cire tawadar duka 07 ba za ta tafi ba sai an zo an mayar da su gida. Ka duba haƙoran da tocila, in ka ga wanda ya karye ko ya cinye ka tsaya nan ka gaya min, wannan sai canji.

In ta tashi za ka ga kalolin sun yi datti, ruwan ɗorawa ya koma kamar kore-kore, saboda sun zuba cikin juna a babur. Ka shiga Troubleshooting a allon, wajen matsalar kyawun bugu akwai Eliminate Light Stripes, ka yi sau ɗaya ka duba shafin gwajin, in da saura ka ƙara. Kar ka wuce sau uku a jere, tawada yake ci sosai. Ragowar dattin kalar yakan fita da kansa in ka buga shafuka masu cike da wannan kalar. Ka kuma duba sauran kwanan kit ɗin mai a allon tunda ta hannu ce, ƙaramin shafi 10,000 yake yi babban 30,000, in ya ƙare tsayawa take cak ko da komai lafiya.

Maganar gaba kuma, firintar nan an yi ta ne don ofis da wuta ba ta yankewa, a bar ta a kunne tana gyangyaɗi. A irin wajenmu abin da ya fi shi ne ka tara aikin kala ka ware mata rana biyu ko uku a sati, ka kunna sau ɗaya a wuta mai ƙarfi ka buge duka ka kashe ta da makunninta, kuma ka tabbatar da mai a jan kafin ka fara. Ƙananan aiki na shafi ɗaya biyu ka bar wa ta baƙi da fari.

Ɗan Gujungu:

'Yan uwa ta tashi! Jiya bayan azahar na zauna da katin waya da buroshi, ƙanena na riƙe min tocila, mun fi awa biyu, abin da muka ciro ya kusa cika murfin kwalba, wani guntu ja ya shige tsakanin haƙora biyu sai da na sa tsinken itace na zaƙulo shi. Haƙoran ba wanda ya karye. Da na jona a layin maƙwabcina na ji hed ɗin ya kwanta ya taso shiru ba ƙat ƙat, ta yi wajen minti goma sha biyar tana shiri sannan ta fito da shafi. Ruwan ɗorawar ya yi datti kamar yadda ka faɗa Yaya, na yi wankin sau biyu ya washe, saura wani siririn layi fari a shuɗi ta gefen dama, shi ma ya tafi a na biyun.

Na buga takardun yara 46 duka yau da safe, na gwada laminatin a guda ɗaya da ta lalace, Hajiya gaskiyarki, sunan ya baje, don haka ledar sanyi zan sayo in na shiga Kano ranar Asabar. Kit ɗin mai ya nuna saura kaɗan, kalandar kuma guda 150 ce. Yaya Mai Gyara in kana da shi a shago ko ka san inda ake samun na 8560 ka gaya min kuɗinsa, in akwai direban da ka yarda da shi a ba shi ya sauke min a tasha.